Sumar Haula a Gindin Aduwa

Dakoro, bayan an gama ɗaurin hatsi

Zuwa ga jikana Zakiru ɗan Amiru ɗan Jimrau, a ƙasar Biyetnam.

Shekara ashirin ke nan da fara ta sauka Dakoro da hantsi, ta rufe rana, ta tashi ta bar mana kara tsaye babu zangarniya. A shekarar ubanka ya kwashe ku ya yi Maraɗi, kana riƙe da bakin zabirata kana kuka. Tun ranar ban sake sa ka a ido ba. Ni ne Sallau wanzami, ƙanen kakanka Jimrau, in ka manta. In ba ka manta ba, to ka ji kunya.

Ina gaishe ka, ina gaida iyalinka. Lafiyata lau, in ban da gwiwa, da idon hagu da ya yi yana. Damina ta yi kyau wajen Sabon Maci, mu nan rabi ta yi mana, mun gode Allah. Halidu tela maƙwabcina ke rubuta wagga takarda ina faɗa, sannan ya ɗauke ta foto da salularsa ya aika maka. Ya ce in yi magana cikin salular kawai ka ji muryata. Na ce ban yi wa ƙarfe magana ina saurayi ba, ba zan fara da furfura ba.

Uwarka ta aiko daga Maraɗi cewa matarka Lan ta sauka lafiya, an samu ɗiya mace, an raɗa mata Haula. Allah ya raya ta, ya sa mai jin ƙai ce. Na tambaya wa ya yi mata askin suna. Aka ce ba wanda ya yi.

Zakiru, ka san aduwar da ke bayan ɗakin Jimrau. Kakanmu ne ya fara, da ya taso daga wajen Kornaka ya kafa gidan nan. Duk ɗan da aka haifa a zuriyarmu, wanzamin gida ke aske shi ranar suna, a naɗe sumar a ƙyalle, a binne ta a gindin aduwa, a kira sunayen waɗanda suka riga shi har a iso kansa. Ba a littafi take ba. Liman bai hana ba, bai kuma ce a yi ba. Tamu ce. Wanda aka haifa a Agadas, cikin motar albasa aka aiko da tasa. Ƴan biyun da aka haifa a Libiya sai da na gaji da jiran direba, amma ta zo. Taka ni na aske ta da askar Jimrau, ka yi mini fitsari a cinya, har yau ban rama ba.

Hannuna ya fara rawa. Samari sun koma wajen masu aski da na'ura, ba wanda ya ɗauki zabira a gidan nan. Na yi niyyar rataye ta bana. Amma ba zan rataye ta da saura mutum ɗaya a waje ba, in je in tarar da Jimrau ya tambaye ni ko kowa ya cika, in tsaya ina sosa ƙeya. Ka sa a aske yarinyar nan, ko da reza ce, ka aiko mini da sumar.

Ka gaida amaryata Lan. Ka ce ta yi haƙuri da kai, mijinta na gaskiya yana Dakoro. Wai kuma wane aiki kake yi can? Uwarka ta ce na gashi. Na ce ashe jini bai ɓata ba.

Kakanka, Sallau.

*

Hanoi, farkon sanyi

Zuwa ga Kaka Sallau.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa. Ban manta ba, Kaka, kuma na ji kunyar. Muna lafiya, ni da Lan da Haula. Allah ya ba gwiwa da ido sauƙi. Maganar fitsari kuwa, ka bari Haula ta zo ta ƙara maka, sai ka haɗa ka rama gaba ɗaya. Lan ta yi dariya da na fassara mata saƙonka, ta ce ta karɓi mijin, in dai ba ya minshari.

Karatun noman shinkafa na zo yi. Na gama, aikin bai samu ba, sai harshe ya ci da ni. Ƴan kasuwarmu na Maraɗi da Kano da Kwatano suna zuwa nan sayen gashin mutum, irin wanda mata ke ƙarawa a kai. Akwai ƙauyukan da wannan ce sana'arsu: su bi gari gari suna sayen sumar mata, su wanke, su taje, su jera tsawo tsawo, su ɗaure. Ni ke tsayawa tsakani ina tafinta.

Aikin zai ba ka sha'awa ta wani gefe. Baturen Ingila da kalma ɗaya yake kiran na kansa da na ƙaurinsa da na akuyarsa. Mutanen nan ba sa haɗawa. Na kai shi ne tok. Na jiki da na dabba da na tsuntsu, long. Gemu ma da nasa sunan. Farkon zuwana na taɓa yaba sumar wata mata da sunan na akuya, sai da aka ba ta haƙuri.

Yanzu maganar aski. Uwar Lan tana tare da mu tun haihuwar. Sunanta Sen, wato furen bado. Ƴar ƙarama ce, ba ta kai kafaɗata ba, amma ba a ƙetare maganarta. Ranar suna na sayo reza sabuwa, na ɗuma ruwa. Tana ganina ta ɗauke Haula ta juya mini baya. Ta ce sumar da jariri ya fito da ita daga ciki, su gashin jini suke ce mata, ita ke rufe maɗiga, ba a sa mata ƙarfe sai yaro ya shekara. Na ce addini. Ta ce an yanka rago, an raɗa suna, ta ci naman, me ya rage? Na ce al'adarmu. Ta ce ita ma ba daga sama ta faɗo ba, tana da tata. Lan tana tsakaninmu tana hawaye, ga jego. Na mayar da rezata aljihu.

Sanyin nan kuma ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, yana shiga ƙashi. Ka yi haƙuri, Kaka, har ta shekara. Ranar da aka aske ta, ranar zan aiko.

Jikanka, Zakiru.

*

Dakoro, wake ya shigo gida

Zakiru,

Na gaishe ku. Gwiwa tana nan yadda take, ta fi ni taurin kai. Akuyar Halidu ta haifi uku.

Shekara! Wa ya nuna maka takardar da ta ce zan kai?

Mutanen da suka raba na kai da na jiki sun san abin da suke yi, na sara musu. Baturen nan kuwa talaka ne, ko da jirginsa. Amma ka ce wa surukanka su zo Dakoro su ƙaro. Mu ma in muka ce suma, na kai muke nufi. Sauka ƙasa kaɗan, ga gira. Ga saje, in ya cika ya haɗe ya zama ƙasumba. Ga gemu, ga gashin baki. Tukku shi ne wanda muke bar wa yaro a tsakar kai. Zanko shi ke bin kai daga goshi zuwa ƙeya kamar na zakara, ubanka ya yi yawo da shi har ya fara kiwo. In an share duka, ƙwaryar molo ke nan. In Allah ne ya share da kansa, sanƙo, irin na Halidu. Rubuta, Halidu, ba ƙarya na yi maka ba. Wanda ya bar tasa ba mataji ba mai, gizo ya tara. Na wuyan doki geza. Na tsoho furfura. Doka kuwa, wadda uwayenmu ke ɗagawa a tsakar kai, yau ko ka ba yarinya saniya ba za ta iya gaya maka kamarta ba. Ka riƙe waɗannan, ɗan tafinta. In na tafi, wasu cikinsu tare za mu tafi.

Maganar maɗiga, tsohuwar ba ta yi ƙarya ba. Wanzamin da bai san maɗiga ba mahauci ne. Ba a danna wurin, kwantar da aska ake yi ta bi kamar ana shafa mai. Kawunan da na aske ba sa ƙirguwa, ban taɓa fid da jini a can ba. Amma kai da rezarka da ruwan ɗuminka, gara da ta ɗauke yarinyar. Ni ma da ina wurin da na ƙwace ta. Mace ce wannan. Tunda ka ce sunanta bado, ni Bado zan riƙa ce mata.

To amma ka koma wurinta. Ba na ce a share kan duka ba. Ɗan tsunkule daga ƙeya, da almakashi, nesa da maɗiga, ya ishe ni. Ka ba ta labarin aduwa yadda na ba ka, kar ka rage, kar ka sa masa gishirin ƴan lakwal, masu boko. Tsoho da tsohuwa suna jin juna ko ba yare.

Abu ɗaya ya tsaya mini a rai, wannan sayar da gashi. Matata Rahamatu, Allah ya jiƙanta, in ta taje kai sai ta tattara abin da ya zuba ta cusa a tsagar bango, kada tsuntsu ya ɗauka ya yi sheƙa, kada maƙiyi ya samu. Kai kuma ka ce ana cika buhu da shi, na wata ya hau kan wata. Ban ce ka bar aikinka ba. Na dai ce ya tsaya mini.

Ka duba mini tsakar kan Haula. Wuri nawa gashin ya murɗe? Na Jimrau biyu, nawa biyu, naka biyu. A gidan nan duk mai biyu ba ya jin magana.

Sallau.

*

Hanoi

Kaka, barka da war haka. Muna lafiya, sai dai Haula tana ɗan tari. A gurguje nake rubutu, baƙi sun zo mini daga gida, kullum muna ƙauye.

Na ba Sen labarin aduwa, ban rage komi ba. Ta saurara har ƙarshe, ta tambaye ni ko itacen yana da ƙaya, na ce yana da ita. Da na kawo maganar almakashi ta ce ƙarfe ƙarfe ne. Ta ce a bar sumar ta yi tsawo, irinta ba a samu ko a kasuwa, ga laushin nasu ga murɗin namu. Duk wanda ya shigo sai ta cire wa yarinyar hula ta nuna masa. Har Alhaji Mainassara na Maraɗi, wanda nake yi wa tafinta, ya zo barka ya gani, ya ce shekarunsa yana sayen gashi bai ga mai kyansa ba.

Sunayen da ka jero na kwafe su duka. Doka ban san ta ba sai yau. Sauran magana sai na samu sarari.

Zakiru.

*

Dakoro

Zakiru,

Gaisuwa. Ina lafiya.

Halidu ya karanta mini takardarka, na sa ya maimaita. Na gane. A bar ta ta yi tsawo. Ba a samun irinta a kasuwa. An cire hula an nuna wa mai saye, mai saye ya yaba. Ni ma haka nake yi wa ɗan rago in salla ta matso.

Ashe ba maɗiga ake tsaro ba. Na yabi matar nan da bakina a gaban Halidu, ashe kiwo take yi. Kai kuma kana tsaye kana tafinta.

Ka gaya mata jinin Jimrau ba ya hawa sikeli. Ka gaya mata ni Sallau na ce, a ƙasar da mace ke iya sayar da gashin kanta, ba abin mamaki ba ne ta sayar da na jikarta. Halidu ya ce in sassauta wannan. Na ce ya rubuta yadda na faɗa, ba ɗinki ba ne da zai rage mini hannu.

In sumar Haula ta shiga buhu, kar ka sake rubuto mini. Zan kira sunaye in tsaya a kanka.

Sallau.

*

Dakoro, cikin azumi

Zuwa ga jikana Zakiru.

Barka da shan ruwa, in kuna samun ganin wata a can. Ina gaida Lan. Ina gaida Haula, yaya tarin nata? Sai bayan takardata ta tafi na tuna ka ce tana tari, ni kuwa ban tambaya ba.

Sanyi ya zo ya wuce ban ji daga gare ka ba. Halidu ya ce alamar salula ta nuna ka gani tun ranar. Na ce ko rezo ne, layin waya ya yanke, ya ce ba rezo ba ne. Na aika Maraɗi wajen uwarka, ta ce ita ma gaisuwa kawai take samu, gajeriya.

Na yi zazzaɓi, na tashi. Bayan na tashi aka kira ni suna a Ɗan Gulbi, gidan da na aske uban jaririn da kakansa. Na zauna, aka miƙo mini yaro, na jiƙa kan, na ɗora aska. Hannu ya ƙi tsayawa. Na jira, ya ƙi. Akwai wani wanzami ɗan Kornaka a wurin, na miƙa masa, na ce rana ce ta shiga mini ido. Kowa ya yi kamar ya yarda. Aka ba ni ƙafar rago kamar ni na yi aikin, na ɗauko ta na dawo, ban iya ci ba.

Shi ke nan, Zakiru, kan jariri ya fi ƙarfina. Ko yau ka kawo mini Haula ba zan sa mata aska ba. Abin da ya rage mini shi ne haƙa rami da kiran sunaye, kuma wannan ba wanda ya iya shi sai ni.

Maganar da na yi ban ce na janye ba. Amma in ba ka riga ka karanta wa tsohuwar ba, ka bar ta a salula. In kuwa ka karanta, ka gaya mini abin da ta ce, ko zagi ne. Shirun nan ya fi zagi.

Kakanka, Sallau.

*

Hanoi, bayan ƙaramar salla

Zuwa ga Kaka Sallau, tare da gaisuwar salla da neman gafara.

Muna lafiya yanzu. Tarin Haula ya sauka mata a ƙirji, muka kwanta asibiti da ita, muka fito, muka sake komawa. Ban gaya wa Inna ba don kada hankalinta ya tashi. Ta warke sarai, har ta fara zama. Takardarka mai zafi a asibiti ta same ni. Na karanta, na kasa amsawa, na kuma kasa fassarawa. Laifina ne ma, ni na rubuta maka magana a gurguje ban tsaya na ga yadda za ta sauka ba. Alhaji Mainassara barka ya zo, yabo ya yi irin na baƙo.

Da takardarka ta azumi ta zo, Sen ta gan ni ina share ido. Ta ce tsohon ne? Na ce shi ne. Ta ce akwai wadda ka ɓoye kafin wannan, na ga fuskarka a asibiti, karanta mini duka. Kaka, ba a ƙetare maganarta. Na fassara mata biyun, har wurin mace mai sayar da gashin kanta.

Sannan ta ce, rabin maganarsa gaskiya ce. Ta ce shekarar da ruwa ya cinye musu shinkafa, Lan tana ƙarama tana ciwo, babu abin kai ta asibiti. Lokacin sumar Sen tana kai mata bayan gwiwa, tun tana budurwa ba ta taɓa yanke ta ba. Mai saye ya zo wucewa, ta kira shi, ta zauna a bakin ƙofa, ya yanke ta daga tushe. Ta daɗe tana ɗaure da kallabi, ko a ɗaka ba ta cirewa. Lan ma ba ta taɓa jin labarin ba sai ranar. Ta ce, nawa na sayar don kada in rasa ɗiya. Na jikata kuwa, zo ka gani.

Ta tashi ta ɗauko wani ɗan ƙyalle ja daga cikin kayanta, ta buɗe. Kaka, sumar Haula ce. Ashe gashin jariri yana zuba da kansa in ya yi wata uku zuwa huɗu, ni ban sani ba. Tun ranar da na ba ta labarin aduwa ta fara. Kowace safiya sai ta bi matashin yarinyar da hularta da tawul tana tsince sili sili. Ruwan wanka ma ba ta zubarwa sai ta tace shi da tsumma. A asibiti ma ba ta fasa ba. Ba ta gaya wa kowa ba, ta ce ba ta so ta yi alkawari ya zo bai kai abin binnewa ba. Ranar da kake faɗa wa Halidu waccan magana, ita tana duƙe tana tsinta.

Na ba ta labarin Kaka Rahamatu da tsagar bango. Ta ce uwarta ma haka take yi, a rufin ɗaki take cusawa.

Murɗin tsakar kai biyu ne. Su ma nan sun ce alamar taurin kai ce. Sen ta ce da tana tsammanin daga wajenta yarinyar ta ɗauko, yanzu ta ga daga gefe biyu ne, Allah ya taimaki mijinta.

Alhaji Mainassara zai dawo gida, na ba shi ƙyallen, zai sa a motar Dakoro daga Maraɗi. Ga saƙonta, yadda ta faɗa: ƙarfe bai taɓa kan ba, kuma ba zai taɓa ba sai ta shekara. In tsohon ya karɓi wannan, to. In al'adarsa ba ta karɓar abin da aska ba ta yanka ba, ya dawo mini da shi, kada ya zubar.

Ban san me za ka ce ba, Kaka. Ina jira.

Jikanka, Zakiru.

*

Dakoro, bazara ta kama

Zuwa ga Zakiru, da Lan, da Haula, da Bado.

Ina gaishe ku duka, kowa da sunansa. Alhamdu lillahi da yarinya ta tashi. Lafiyata lau. Zafi ya sauka, rijiyar unguwa ta ja baya, tumaki sun koma inuwar bango.

Saƙo ya iso shekaranjiya. Direba ya miƙo mini ambulan, ya ce Baba ba komi a ciki, iska ce. Na ce kai dai kawo.

Na buɗe a kan farin zane, a ɗaka, kada iska ta taɓa. Bai fi ƙwallon aduwa girma ba. Na sa yatsa. Zakiru, na taɓa sumar jarirai tun kafin a haifi ubanka, ta Hausawa da ta Buzaye da ta Fulani, ban taɓa jin irin wagga ba. Amma ba laushin ne ya kama ni ba. Bado ta jera su. Kowane sili kansa yana gefe ɗaya, tushensa yana gefe ɗaya. Gashin jariri, da ko numfashi ka yi sai ya tashi! Ni da aska nake kwashe shi gaba ɗaya kafin a gama raba goro. Ita sili sili ta bi shi, da idon tsufa, ga yarinya ba lafiya. Ban san wanzamin da zai iya wannan ba, kuma na san wanzamai.

Halidu ya duba ɗaurin ya ce wane irin farin zare ne haka, ba ya cikin nasa. Na ce ba ni. Na murza a yatsa. Ba zare ba ne. Furfura ce, doguwa, ta murɗa ta ta ɗaure da ita. Ashe sumar ta sake fitowa bayan mai saye. Tata ce ta ɗaure ta jikarta da ita.

Ka zauna gabanta ka gaya mata, kar ka sa gishiri, Sallau wanzami ya cire hula. Maganar da na yi na haɗiye ta, kuma ta yi mini ɗaci. Ka gaya mata shekarar fara mun sayar da awaki, mun sayar da ƙyauren ɗaki, Rahamatu ta sayar da tasoshin aurenta. Da akwai mai sayen gashi a Dakoro a shekarar, da ta zauna a bakin ƙofa, kuma da ni zan yanke mata da hannuna.

Saura tambayarta. Gaskiya ba a taɓa binne sumar da aska ba ta yanka ba a gindin aduwar nan. Na juya abin jiya wuni guda. Halidu ya ce in tambayi liman. Na ce liman bai sa ba, ba shi zai cire ba. Na bi sunayen tun daga kakanmu ina neman wanda zai ce a'a, ban samu ba. Abin da suka ce shi ne askar gida ta taɓa sumar ɗan gida. Ba su ce sai tana bisa kai ba. Ita ta ce ƙarfe ba zai taɓa kan ba. To, ga kai can wajenta, ga suma nan wajena. Kowa ya riƙe nasa.

Ba zan dawo mata da shi ba. Na ajiye mata aduwa cikin ƴar jaka, daga itacen, Alhaji Mainassara ya kai mata in zai koma. Ta tsotsa ta ji, da zaƙi da ɗaci, kamar mai aikowa. In Haula ta yi haƙori a ba ta ɗaya.

Gobe da safe, in na fito masallaci, zan wasa askar Jimrau. Zan ɗora sumar a kan dutse in yanke bakinta kaɗan, dutse ba shi da maɗiga, hannu ya yi rawarsa. Ɗaurin kuwa ba zan kwance shi ba. Ba a taɓa sa gashin wanda ba jininmu ba a wurin nan, ko na matanmu, amma wanda ya ga zai iya raba su ya zo ya gwada. Zan haƙa kusa da taka, ta gefen gabas. Zan kira tun daga kakanmu, in zo kan Jimrau, in zo kan Amiru, in zo kanka, in ce Haula. Sannan in ce Sen, da sunanta na gaskiya, Halidu ya koya mini shi yau har ya zauna. Daga nan in rufe ramin, in shiga ɗaka in rataye zabira.

Kakanku, Sallau wanzami.